Abin da Kwamfutar Malama Ta Riƙe

Ni ba mai yawan magana ba ne. Wanda ya san ni ya san haka. Shekarata saba'in da ɗaya, hamsin daga ciki a kan katako na yi su. Aji uku na yi a makaranta, mahaifina ya cire ni ya miƙa min zarto. Ina karatu, amma da yatsa nake bi. In kun ga na zauna ina ba ku labarin cikin gidana, to abin ya fi ƙarfina ne. Ku karanta. Wanda zai yi dariya ya yi, ba na ganinsa.

Matata ta rasu shekara biyu da wata huɗu ke nan. Malama muke ce mata, ni da yara da maƙwabta, don ta yi shekara ashirin da takwas tana buga takardu a ofishin wata makaranta. Bayan rasuwarta da wata shida, 'ya'yana uku suka zo suka jeru a falo kamar masu yanke hukunci. Babbar, wadda nake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta yi magana.

"Baba, ba za ka zauna haka ba. Gidan nan ya yi maka girma. Jiya na shigo na tarar kana cin burodi a tsaye."

"A tsaye nake aiki. A tsaye zan ci."

"Muna so ka yi aure."

Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ku ji da kyau, sau ɗaya zan faɗa. Bayan uwarku babu macen da zan ɗaga ido in kalla. Wanda ya sake kawo min maganar nan, ya nemi wani uban."

Suka tashi. Ba wanda ya sake. Ban taɓa janye magana a gaban 'ya'yana ba, ko sau ɗaya, kuma da wannan na riƙe gidana.

To ga abin da ya faru.

Wata biyar da suka wuce aka kira ni in kafa kantoci a wani shago, layi uku daga gidana. Mai shagon labule take ɗinkawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kowa yana gidansa. Za ta kai sittin. Gajera ce, tabaranta mai igiya, kuma kullum akwai allura biyu soke a bakin mayafinta. Kwana uku na yi ina aiki, ba ta dame ni da surutu ba. Ran na ukun ta zo ta zura hannu ta shafa ƙasan wata kanta da na kafa, wurin da ido ba ya kaiwa. Ta juyo.

"Har ƙasan ka goge."

"Haka ake yi."

"Haka ake yi da," in ji ta. "Yanzu an daina."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Shekara hamsin ina goge ƙasan kanta, ba wanda ya taɓa sa hannu ya duba sai Malama. Na kwashe kayana na fito. A jikin ƙofar akwai allo mai sunan shagon da sunan shafinta na intanet. Na zare fensir daga kunne na kwafe shi a bayan wani guntun katako. Ban san dalili ba. Ƙarya nake, na sani.

Kwamfutar Malama tana ɗakinta, a kan ɗan teburin da na yi mata, an rufe ta da farin ƙyalle mai fulawa a baki. Tun rasuwarta ba wanda ya ɗaga ƙyallen. Akwatin intanet da yara suka sa mata yana nan a jikin bango yana ƙyafta ido, ba wanda ya tuna ya cire. Na sha zama a bakin gado ina kallonta tana aiki, saboda haka na san maɓallin kunnawa, na san wurin da ake rubutu. Da rana tsaka na shiga. Na buga sunan harafi-harafi da yatsa ɗaya. Shafin ya buɗe.

Labule iri-iri. Mai ruwan toka, mai ruwan zuma, mai ratsi. A wasu hotunan tana tsaye a gefe tana riƙe da bakin yadi. A wasu hannunta kawai ake gani. Na kalla na rufe. Kashegari na dawo. Ya zama kullum in na ci abincin rana sai in wanke hannu, in karkaɗe ƙurar katako, in shiga. Daga baya na lura abin yana amsa tambaya in ka rubuta masa. Sai na fara tambayarsa abubuwan da ba zan tambayi ɗan Adam ba. In na gama in rufe murfin, in mayar da ƙyalle. A tunanina an gama. Ka rufe ƙofa, ɗaki ya rufu.

Ran Talata saƙon murya ya shigo wayata daga Uwata.

"Baba, ina wuni. Ran Asabar da safe zan zo in ɗauki kwamfutar Mama. Ina so in ga abubuwan da ta riƙa dubawa kafin ta rasu. Ai ka san tana ajiye komai, duk abin da aka buɗe da ranar da lokacin. Ka sha maganinka."

Sau uku na saurara. A na ukun sai da na zauna a kan benci.

Tana ajiye komai.

Na yi dabarata. Na zare wa kwamfutar wayar wuta daga bango, na bar ta a kunne har wutarta ta ƙare ta mutu. Na ce in ta suma, abin da ke kanta zai zube. Na bar ta haka kwana ɗaya. Ran Laraba da yamma na mayar da waya, na kunna, na buga harafin farko na sunan shagon. Harafi ɗaya. Sai ta ƙarasa min sauran da kanta.

Sai da na ja kujera baya. Na yi aiki da injuna, na san injin da ke yanka da wanda ke hudawa. Ban taɓa ganin injin da ke riƙe mutum a rai ba.

Ran Alhamis na sa rigata mai ruwan bula, na naɗe kwamfutar a ƙyallenta, na sa ta a jakar kayan aiki tsakanin guduma da tef ɗin awo. Na hau mota zuwa can ɗaya gefen gari, inda ba wanda ya san ni. Wani dogon bene ne, ƙasa masu sayar da waya, sama masu gyara. Na zaɓi shagon ƙarshe, wanda ba kowa a ciki. Da na shiga sai na ga mace. Za ta kai arba'in, ta ɗaure kai tamau, tana riƙe da ɗan sukurdireba kamar tsinke. Na juya zan fita.

"Baba, shigo mana. Ba na cizo."

"Ina mai shagon?"

"Ga ta a gabanka."

Na dubi teburinta. Kowane ƙaramin sukuru yana cikin murfin kwalba nasa daban. Kayan aikinta a jere, manya zuwa ƙanana. Na zauna.

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. So nake ta manta."

Ba ta yi dariya ba. Na ba ta maki a nan. Ta buɗe, ta danna wurare biyu, ta juyo min da fuskar kwamfutar.

"Wannan shi ake kira tarihi. Sabo a sama, tsoho a ƙasa."

Jama'a, layi ne bayan layi, kamar an jera katako. Kowane da ranarsa, kowane da lokacinsa, har minti. Ni kaina ba zan iya ce muku ran kaza na yi kaza ba. Ita ta sani. Ranar da na yi zazzaɓi ban shiga ba, ga gurbin ranar nan a buɗe. Na sa yatsa na fara bi, rubutun ya yi min ƙanana.

"In karanta maka?"

"A'a. Karanta."

Ta gyara murya. "Shafin labule. Shafin labule. Yadda ake rina gemu ba a gane ba. Shafin labule. Ɗan shekara saba'in zai iya sake aure. Me ake ce wa mace in an je gaishe ta. Shafin labule. Launin rigar da ya dace da tsoho."

"Ya isa."

"Ruwan bula aka ce maka?"

"Na ce ya isa."

"Ya yi maka kyau, Baba. To bari mu goge." Ta buɗe wani ɗan akwati. "Ga zaɓi. Awa ɗaya da ta wuce, kwana ɗaya, mako ɗaya, mako huɗu, ko tun farko. Naka ya kai wata nawa?"

"Biyar."

"To sai dai tun farko. Dannawa ɗaya ce, komai ya tafi, ba ya dawowa."

"Danna."

Ta ɗora yatsa. Sai ta dakata.

"Kai kaɗai ke amfani da ita? Ni ba na goge abu sai na ga ƙasansa."

Ta riƙa ja, layukana suna gudu sama. Suka ƙare. Kwanan wata ya yi tsalle, shekara biyu baya.

"Baba, wannan ba rubutunka ba ne. Wannan mai bugawa da yatsu goma ce."

"Matata ce. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. In karanta?"

Na ɗaga mata kai.

"Maganin ciwon gwiwa ga mai aikin tsaye. Shin ƙurar katako tana lalata huhu. Tabaran karatu ga tsohon da ya ƙi zuwa asibiti. Takalmi mai laushin ƙasa, lamba arba'in da uku."

Lambata ce. Na tuna takalmin. Ta ce min Uwata ce ta gani a hanya ta saya.

"Ba ni ranar."

Ta faɗa. Na lissafa da yatsu. A watan nan Malama ba ta iya tashi daga gado sai an riƙe ta. Ni nake ɗaga ta. Ashe in na fita wurin aiki sai ta jawo abin nan kan cinyarta tana neman maganin gwiwata.

"Ba ta nemi komai a kan ciwonta ba?"

Mai gyara ta ja sama, ta ja ƙasa. "Ko layi ɗaya babu. Ko dai ba ta nema ba, ko ta goge."

Na san Malama. Ba abin da ba ta bincikawa, har man girki sai ta karanta bayan kwalba. Ta nema. Ta goge nata don kada yara su gani su tsorata, ta bar nawa.

"Ga na ƙarshe," in ji mai gyara. Muryarta ta sauka. "Yadda namiji yake zama shi kaɗai bayan shekara arba'in da aure."

Kwana uku bayan wannan layin muka kai ta asibiti.

Ban san lokacin da na shimfiɗa tafin hannuna a kan maɓallan ba, na rufe su duka. Minti ɗaya da ya wuce na ce danna. Da ta danna, da duk sun tafi.

"Ba za a goge ba," na ce.

"Akwai hanya, Baba. Sai in bi naka ɗaya-ɗaya in cire, in bar nata. Ɗari shida da wani abu ne. Ka sha shayi?"

Ta zuba min daga filas. Ta fara. Ta sa alama, ta sa alama, ta share. Ina zaune ina kallon wata biyar na rayuwata suna ɓacewa goma-goma, ba ƙura, ba ƙara. A wajena in ka goge abu sai ka share ƙasa. Nan ko ɓurɓushi babu.

Sai na tuna wani abu.

"'Yar nan. Akwai hotuna biyu ko uku da na danna wani wuri, ta ce ta ajiye. Ban san inda ta kai su ba."

"Biyu ko uku?" Ta buɗe wani wuri. "Talatin da takwas, Baba. Goma sha ɗaya hoto ɗaya ne."

Ta share su.

"Bari in fito da ɓoyayyun fayiloli ma, ko wani ya maƙale a can."

"Akwai na ɓoye?"

"Akwai. Suna nan, ido ne ba ya ganinsu sai an ce mata ta nuna."

Ta danna. Wata jakar fayiloli ta fito a kusurwa, launinta dishi-dishi kamar an wanke ta. Ɗazu babu komai a wurin. Wannan sunan ban nemi a karanta min ba. Kafinta.

Ku sani, ni ba na yarda a ɗauke ni hoto. Ban da na katin shaida babu hotona a duniya. In aka ɗaga waya, juya baya nake. Yara sun sani, Malama ta fi kowa sani.

Hoto ɗari huɗu da goma sha biyu.

Duka ta tagar kicin aka ɗauke su, ga ƙarfen tagar a gefe. Rumfar aikina tana tsakar gida, daidai tagar. Ga ni na duƙa a kan katako. Ga ni da ƙusa uku a baki. Ga ni na rufe ido ɗaya ina duba miƙewar ƙofa. A na farko-farko gashina baƙi ne da sauransa, a hankali ya yi fari, hoto bayan hoto, kamar ana yayyafa masa gari. Shekara tara. Ga wani ina barci a kan buhun ƙurar katako, baki a buɗe. Ga wani ina dariya har da riƙe ciki, ni kaɗai a rumfa, ban san me ya ba ni dariya ba, ban ma san ina yin irin wannan dariyar ba.

Yawancinsu bayana ne. Ban taɓa ganin bayana ba. Kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu, saboda zarto. Wuyana ya yi gaba. Ashe wannan ne mutumin da ta riƙa gani tana wanke kwano. Ni ina can ina ganin ba mai kallona.

Mai gyara ta tashi ta ce za ta ɗauraye kofi. Kofin a wanke yake. Ta daɗe.

Da ta dawo ta ce, "Wannan in mayar da ita ɓoye?"

"Bar ta a fili."

Ta koma kan layukana. Saura kaɗan ta gama, sai ta buɗe shafin labulen don ta tabbatar shi ne take sharewa. Na ga ta matso da fuska. Ta ja ƙasa, ta ja ƙasa. Ta sa hannu a baki.

"Baba, in kana so hoto ya girma, yaya kake yi?"

"Sau biyu nake dannawa. Haka na ga Malama tana buɗe abu."

"In ka danna sau biyu, me kake gani?"

"Wata jar zuciya takan fito ta ɓace. Kwalliyar shafin ce."

"Ba kwalliya ba ce. Aike ne. Duk zuciya ɗaya tana zuwa wayarta, ta ce wane yana son hotonki." Ta nuna min kusurwar sama. "Kuma dubi da sunan wa kake shiga."

Na matsa. Ƙaramin hoto ne zagayayye. Malama ce, da koren mayafinta, tana murmushi.

Wata biyar. Kullum bayan abincin rana matar da aka binne shekara biyu tana aika wa mai labule zuciya. Kuma sun san juna, a shagon Malama ta ɗinka labulen falonmu.

"Goge su."

"Zan iya cire su, amma ta riga ta gani. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi nake iya gogewa. Wanda ya fita, ya fita."

Na zauna ina kallon abin. Ɗan faifan ƙarfe, bai kai faɗin tire ba. Ya riƙe maganar matacce, ya ɓoye min kaina shekara tara, ya kai saƙon da ban san na aika ba. Ni kuma na ce zan sumar da shi da zare waya.

"Akwai saƙo huɗu daga wajen mai labulen, ba a buɗe ba," in ji mai gyara. "Ka ga jar lambar can? In buɗe?"

"Rufe."

Ta rufe. Ta naɗe min ita a ƙyalle da kanta, ta daidaita bakin. A bakin ƙofa ta ce, "Baba, na bar layi ashirin na ƙarshe, lokaci ya ƙure. Ka dawo gobe in ƙarasa."

Ban koma ba.

Ran Asabar da hantsi Uwata ta shigo da kayan aikinta a jiki, daga asibiti take. Ta tarar da ni a ɗakin uwarta, kwamfuta a buɗe. Ta tsaya a ƙofa, jaka a kafaɗa.

"Zauna," na ce.

Ta zauna a bakin gado.

"Shekara biyu da suka wuce na yi magana a falo. Kin tuna?"

"Wa zai manta, Baba."

"Na janye ta."

Na jira rufin ɗaki ya faɗo. Bai faɗo ba. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya take, da hawaye tare.

"Me ya ba ki dariya?"

"Baba, tun makon farko mai labule ta kira ni. A tsorace take. Ta ce Mama tana aiko mata zuciya. Na ce ta kwantar da hankalinta, mutum ɗaya ne ke da makullin ɗakin nan."

"Ƙannenki sun sani?"

"Har matansu."

"Wata biyar kuna zuwa kuna gaishe ni."

"Kai ka ce wanda ya sake magana ya nemi wani uban. Mu kuwa kai muke so." Ta share ido da bakin mayafi. "Na gaji da jira ne, shi ya sa na ce zan ɗauki kwamfutar. Me zan yi da ita? Ina da tawa."

Na dube ta. Hancin uwarta, dabarar uwarta. Ban san ranar da ta girma haka ba.

"Akwai saƙo huɗu," na ce. "Ni zan karanta. Ki tsaya a baya, kada ki taya ni."

Ta nuna min wurin dannawa, ta ja baya. Na sa yatsa.

Na farko: "Innalillahi. Waye wannan?"

Na biyu, bayan kwana biyu: "Ko waye, ya ji tsoron Allah. Mai shafin nan ta rasu."

Na uku, bayan mako ɗaya: "An faɗa min. Ba komai."

Daga nan shiru wata huɗu. Na huɗu kwanansa tara da zuwa. Ya fi sauran tsawo, ya ɗauke ni lokaci. Uwata tana numfashi a bayan kunnena, amma ba ta taya ni ba.

"Malama, Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Kin yi aikinki a duniya kin gama. Ki ce wa mijinki ya daina aiko ki cikin rana. Layi uku ne tsakaninmu, kuma yana da ƙafa."

Na karanta shi sau biyu, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

"Baba, in buɗe maka shafi da sunanka ka amsa mata?"

"A'a."

"To layukan da suka rage fa? In share?"

"Bar su. Akwai na uwarki a ƙasa, ki ja ki karanta. Akwai jaka a kusurwa, ita ma ki buɗe. Ki kira ƙannenki su zo su gani. Hoton da nake barci ne kawai ban yarda a tura wa kowa ba."

Na tashi na ɗauki hula. Ta bi ni har tsakar gida tana karkaɗe min kafaɗa, tana cewa in canja riga, wannan duk ƙura ce. Na ce a haka mai labule ta san ni.

Layi uku. Na taɓa ɗaukar ƙofar gida a ka na yi tafiyar da ta ninka wannan ban tsaya ba. Ran nan sau biyu na tsaya. Na wuce mai wankin mota, na wuce kantin magani, na sha kwana. Tun daga nesa nake jin keken ɗinkinta. Na tsaya a bakin ƙofa, ban san me ake yi da hannuwa ba in babu kayan aiki a cikinsu. Na yi sallama.

Keken ya tsaya. Ta amsa. Ta sauke tabarau ya faɗa kan igiyarsa, ta dube ni tun daga hula har takalmi. Sannan ta kwashe yadin da ke kan kujerar kusa da ita, ta ajiye a ƙasa.

"Yau kai da kanka?" in ji ta.